Tallafi: kalmar da ta haɗiye kyauta da bashi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, kalmar tallafi ba ta sake hutawa ba a bakin 'yan siyasa da masu karanta labarai. Buhun shinkafa tallafi, rancen ɗalibai tallafi, takin da aka rage wa farashi shi ma tallafi. Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne labaran kamfanonin haɗa magunguna da allurar rigakafi da kayan gwajin cututtuka, domin a wannan fanni irin kuɗin da aka bayar shi ke yanke hukuncin ko za a yi bincike ko za a haƙura.

Kalmar ta fito daga tallafa, 'yar uwar tallaba, wato sa tafin hannu a ƙarƙashin abu don kada ya faɗi, kamar yadda ungozoma ke tallabe kan jariri. Mai tallabewa ya ɗauki wani kaso na nauyin. Saboda haka duk inda aka ce gwamnati ta tallafa wa kamfani, abin tambaya shi ne, idan maganin da ake bincike a kai ya ƙi aiki, wa zai kwana da asarar?

A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta shigo, Babban Bankin Najeriya ya sanar da naira biliyan 100 domin fannin lafiya, har da masu haɗa magunguna, kuma da sunan tallafi labarin ya bazu. Bashi ne. An sa masa kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari da farko, bisa sharaɗin komawa kashi 9, kuma ta hannun bankunan kasuwanci aka riƙa karɓarsa, su kuwa ba sa sakin kuɗi sai sun ga jingina da shaidar cewa ciniki na shigowa. Ga kamfanin da ya riga ya kafu, yake sarrafa farasitamol ko ruwan ƙarin jiki, yake son sabon inji, wannan rance alheri ne, tunda ruwan da bankuna ke ɗorawa a kasuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. To amma a ɗauki malamar jami'a da ta ga alamun maganin sikila a wani tsiro, ba ta da fili ko gida na jingina, abin da ta mallaka littafin gwaje-gwaje ne da 'yan kwalabe a firji. Sabon magani kan ci shekara goma ko fiye kafin ya isa kanti, kuma mafi yawan waɗanda aka fara gwadawa a jikin mutane ba sa kai labari. Wanda ya ci bashi ya shiga irin wannan aiki ya sayi kifi a ruwa, ga ranar biya ba ta jiran sakamakon gwaji.

Babban bankin da kansa ya san da bambancin, shi ya sa a watan Yunin 2020 ya fito da wani shiri daban na bincike a fannin lafiya, wanda kuɗinsa ba a mayarwa: har naira miliyan 50 ga aikin bincike, har miliyan 500 ga matakin sarrafawa, ana sakin kuɗin kashi-kashi gwargwadon yadda aiki ya ci gaba. A ganina wannan ne ya cancanci sunan tallafi. Shi ma ba sadaka ba ce, akwai rahoto da lissafi da kwamitin masana da ke tacewa, kuma rabon da aka sanar a 2021 bai wuce kimanin naira miliyan 253 ga masu bincike biyar ba. A ajiye wannan adadi kusa da biliyan 100, za a ga girman abin da kalma ɗaya ta lulluɓe.

Akwai kuma yafe haraji, irin umarnin da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2024 na ɗage kuɗin fito da harajin kaya kan injuna da sinadaran haɗa magunguna tsawon shekara biyu. Nan ko sisi bai fita daga baitulmali ba, gwamnati ta dai janye hannunta ne daga abin da za ta karɓa.

Ruɗanin bai tsaya a kanmu ba. A Amurka, kamfanin Moderna ya karɓi kusan dala biliyan ɗaya daga gwamnati domin gwajin rigakafin korona. Pfizer kuwa ya riƙa tutiyar cewa bai karɓi kuɗin bincike ba, kuma gaskiyarsa ce, sai dai tun a watan Yulin 2020 gwamnati ta yi masa alƙawarin sayen allura miliyan 100 a kan dala biliyan 1.95 idan allurar ta samu amincewar hukuma, abokin aikinsa BioNTech kuma ya samu yuro miliyan 375 daga gwamnatin Jamus. Alƙawarin saye yana kawar da fargabar rashin kasuwa, amma asarar gwaji tana nan a wuyan kamfani. Da a gidajen rediyonmu ne, Moderna da Pfizer duk tallafi za a ce sun samu, a wuce zuwa labarin wasanni.