Ina nas-nas ɗinmu suka shiga?

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibitin gwamnati ya san wannan. Ƙarfe biyun dare ruwan da aka ɗaura wa mara lafiya ya ƙare, mai jinya ya miƙe yana "Sista! Sista!", sistar kuwa tana can ƙarshen ɗaki kan wani dattijo da numfashi ke sarƙe masa. Ita kaɗai ce. A ɗakin da nake aiki, da mu uku ke raba aikin dare. Yanzu ɗaya ta tafi Ingila, ɗaya ta samu aiki da wata ƙungiyar agaji, kuma har yau ba a maye gurbinsu ba.

A farkon 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Najeriya ta ce sama da 15,000 ne suka bar ƙasar a 2023 kaɗai, kimanin 42,000 kuma cikin shekara uku. A lokacin ne kuma ta kafa sharaɗin cewa nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, ni ma ban ga laifinsu ba. Ai ba a ɗaure akuya a inda babu dusa a ce ta yi ƙiba.

Abin da ya canza shi ne yanayin aikin kansa. Da can nas tana shiga aikin gwamnati ne ta zauna har fansho. Yau da wayar hannunta take karatun jarrabawar Turanci, da ita take ganawa da mai ɗaukar aiki daga Landan ko Saudiyya. Wadda ba ta son ƙetare ma tana da mafita: asibitin kuɗi, asibitin tarayya da ya fi na jiha biya, ko aikin ofis da babu kwanan dare. Ƙwararrun su ake fara ɗauka, wato masu koya wa sababbi aiki. Waɗanda suka rage kuwa aiki ya ninka musu, gajiya ta sa su ma su fara neman hanya. Ƙarancin ma'aikata da alawus na cikin abin da ya kai ƙungiyar nas-nas ta ƙasa yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025.

To 'yan uwa, ga roƙona. Zazzaɓi da mura da rigakafin yara, a fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, kada a jira sai jini ya ɓalle tsakar dare a kawo ta ranga-ranga. Idan kun ga an tsallake naku an nufi wani gadon, galibi wancan ya fi matsuwa ne. Zagi da hayaniya ba sa ƙaro hannu, korar wanda ya rage suke yi. In an yi muku ba daidai ba, akwai shugabar ɗaki, a kai mata ƙara.

Iyaye kuma, musamman na karkara, yarinyar da ta gama sakandare da sakamako mai kyau a kimiyya, a bar ta ta shiga makarantar koyon jinya ko ungozoma. Wadda iyayenta da mijinta ke garin ta fi zama. A tambaya a sashen lafiya na ƙaramar hukuma lokacin da ake sayar da fom.