Ma'anar "romantasy", kalmar da ta kama bakin masu karatun almara

Duk inda masoya littattafan almara na Turanci suka haɗu, tambayar da ke buɗe hira ba ta canzawa: me ake karantawa yanzu? Shekara goma baya, amsar takan rabu gida biyu. Wani ya ce yana cikin almarar kimiyya, mai kumbon zuwa taurari da injuna masu tunani. Wata ta ce ita tana can duniyar sihiri, ta takubba da sarakuna da dodanni. Yanzu an sami amsa ta uku, wadda ake yawan ji daga bakin matasa, musamman mata: "Ni romantasy nake karantawa."

Kalmomin Ingilishi biyu aka gwama. An ɗauko kan romance, wato labarin soyayya, aka liƙa masa wutsiyar fantasy, wato almarar da ake gina ta a duniyar da sihiri ke aiki. A bakin Bahaushe sai ta fito romantasi, kuma haka zan ci gaba da rubuta ta.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka duk littafin da ya haɗa sihiri da masoya biyu ya cancanci sunan. Ba haka ba ne, kuma a nan ma'anar take. Almarar sihiri ta daɗe da masoya a cikinta. Jarumi kan je yaƙi ya bar budurwa a gida, ko ya tsinci mata a hanya. Sai dai a can soyayyar kayan ado ce, ko an tsame ta labarin zai ci gaba da tafiya. A romantasi kuwa soyayyar ce ginshiƙin ɗaki. Yaƙin da ake gwabzawa, sarautar da ake rigima a kanta, la'anar da aka yi wa ƙasa, duk suna nan ne domin su raba mutum biyu ko su tilasta musu zama tare. Gwajin mai sauƙi ne: ka zare soyayyar a ranka, ka duba abin da ya saura. In labari ya tsaya da ƙafarsa, almarar sihiri ce mai ɗan zaƙin soyayya. In ya ruguje, romantasi ce.

Akwai kuma alƙawarin da nau'in ya gada daga littattafan soyayya na Turanci. A wajen marubuta da masu karatun wannan fanni, littafi bai cika na soyayya ba sai masoyan sun ƙare tare cikin farin ciki, ko aƙalla cikin kyakkyawan fata. Mai karanta romantasi yana shiga ne da wannan tabbaci. Za a iya kashe abokai, a ƙone birane, a ja labarin zuwa juzu'i biyar, amma ya san waɗannan biyun za su ga juna a ƙarshe. Shi ya sa ban yarda da masu cewa kalmar dabarar 'yan kasuwa ce kawai ba. Gaskiya ne kamfanonin ɗab'i sun rungume ta don tana kawo ciniki, amma tana yi wa mai saye aiki: tana gaya masa irin tuwon da ke cikin kwanon kafin ya buɗe.

Sunaye biyu ne ba a raba su da wannan kalma. Ta farko Sarah J. Maas, Ba'amurkiya, wadda ta fitar da A Court of Thorns and Roses a 2015 ta hannun kamfanin Bloomsbury. Labarin wata yarinya ce mafarauciya, Feyre, da ta harbe kyarkeci a daji don ciyar da gidansu, ashe ba dabba ba ne, sai aka ɗauke ta zuwa ƙasar wasu halittu masu tsawon rai a matsayin diyya. Waɗannan halittu, da suke kira fae, sun samo asali ne daga tatsuniyoyin Turai, musamman na Ailan da Sikotland, kuma sun zama jaruman da aka fi yayi a wannan nau'i.

Ta biyu ita ce Rebecca Yarros, ita ma daga Amurka, wadda ta shafe shekaru tana rubuta labaran soyayya na zamani kafin ta fitar da Fourth Wing a 2023. A ciki, Violet, mai shekara 20 kuma mai raunin gaɓoɓi, ta taso da shirin zama magatakarda, sai mahaifiyarta, wadda janar ce, ta tura ta makarantar yaƙi inda ake horar da mahaya diragon, dodon nan mai fikafikai da aman wuta. A makarantar dodon ne ke zaɓen mahayinsa, wanda bai yi masa ba yana iya babbake shi. Saurayin da zuciyarta ta karkata gare shi kuwa ɗan jagoran 'yan tawaye ne, wanda aka zartar wa mahaifinsa hukuncin kisa a ƙarƙashin mahaifiyarta. Raunin jikin Violet ba ƙirƙira ce ta banza ba, domin marubuciyar tana fama da ciwon gaɓoɓi da ake kira Ehlers-Danlos, kuma masu irin wannan larura da dama sun ce a nan suka fara ganin jaruma mai kama da su. Juzu'i na biyu ya fito a Nuwamban 2023, na uku, Onyx Storm, a Janairun 2025, inda aka sayar da kwafi sama da miliyan 2.7 a makon farko.

Abin da ya hura wutar shi ne zaman kullen korona na 2020. Mutane na gida, wayoyi na hannu, sai wani ɓangare na TikTok da ake kira BookTok ya bunƙasa. Yarinya ta ɗaga littafi gaban kyamara tana hawaye, ta ce babi kaza ya hana ta barci, kafin mako ya zagayo littafin ya ƙare a shaguna. Littattafan Maas, da suka riga suka yi shekaru a kasuwa, suka dawo kamar jiya aka buga su. A 2023 dandalin Goodreads, inda masu karatu ke jefa ƙuri'ar gwanayen littattafan shekara, ya ware wa romantasi rukuninta daban, kuma littafin Yarros ne ya fara lashewa. Daga nan kalmar ta bar bakin masoya ta hau kan kantocin shagunan littattafai.

Sunan ne sabo, abin da kansa ya tsufa. Anne McCaffrey, mace ta farko da ta ci kyautar Hugo, lambar yabo ta almarar kimiyya da ta sihiri, a fannin ƙagaggen labari a 1968, ta rubuta mahaya dodanni masu haɗin zuciya da dabbobinsu, har ma sha'awar dodon tana shafar mahayinsa. Abin lura, ita ta dage cewa nata almarar kimiyya ce, don a labarinta mutanen da suka yi ƙaura zuwa wata duniyar ne suka ƙera dodannin ta hanyar sarrafa ƙwayoyin halitta. A 2005 kuma aka fitar da littafin Twilight da aka yi yayinsa, soyayyar 'yar makaranta da mai shan jini, wanda a lokacin aka ba irinsa wani sunan daban. 'Yan matan da suka karanta shi suna 'yan shekara goma sha, su ne manyan matan da ke sayen romantasi yau da kuɗin aljihunsu.

Wanda ya zauna cikin masu wannan karatu zai ji wani yare nasu. TBR shi ne tulin littattafan da mutum ya tara yana niyyar karantawa. DNF na nufin an fara an ajiye, ba a kai ƙarshe ba. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke ba juna shawara. Da wuya a tambayi me labarin ya ƙunsa. Abin da ake tambaya shi ne wace irin soyayya ce a ciki. Akwai ta maƙiya da gaba ta rikiɗe musu ta zama so, kuma ita ce sarauniyar fannin. Akwai mai ci a hankali kamar wutar ƙaiƙayi, wadda za a yi shafi ɗari huɗu ba a ko riƙe hannu ba. Akwai ta waɗanda aka ƙaddaro wa juna tun kafin su haɗu, da ta auren dole tsakanin masarautu biyu, da ta jarumi mai duhun hali wanda ba a iya cewa mutumin kirki ne ko mugu. Mai karatu kan ce tana neman mai kaza da kaza, kamar mai aiken cefane, nan take a jero mata sunaye biyar.

A nan ne kuma raunin nau'in yake, ba na ɓoyewa. Idan kasuwa ta san kayan haɗin da ake so, marubuta sukan dafa miya iri ɗaya. Na karanta waɗanda duniyar cikinsu ba ta wuce labulen wasan kwaikwayo ba: an ce akwai masarauta, amma ba ka san me talakawanta ke ci ba, an ce akwai sihiri, amma dokarsa tana sauyawa duk lokacin da marubuciya ta shiga matsi. Mai son almarar da aka gina ta daki-daki, da harsunanta da tarihinta, yana da hujja in ya yi ƙorafi.

Sai batun barkono, wanda ya wajaba in faɗa a fili. Masu karatun suna auna yawan bayanin kwanciya a littafi da alamar barkono, daga ɗaya zuwa biyar. Da yawa daga cikin fitattun littattafan romantasi na manya ne zalla, suna siffanta abin da ke tsakanin mace da namiji ba tare da sakaya ba, alhali bangonsu na ɗauke da furanni da takubba kamar littafin yara. Jerin Maas ma da farko a sashen matasa aka ajiye shi, daga baya kamfanin ya mayar da shi na manya. A Agustan 2024 jihar Utah ta Amurka ta fitar da sunayen littattafai 13 da ta hana ajiyewa a makarantun gwamnati, shida daga ciki na Maas ne. Uwa ko yayar da za ta saya wa 'yar sakandare littafi don ta inganta Turancinta, ta bincika tukuna. Akwai marasa barkono ko kaɗan, kuma su ma masu karatun suna da jerinsu, tambaya kawai ake yi.

Duk da haka, akwai wani irin raini da ake yi wa romantasi wanda bai da alaƙa da ingancin rubutu. Wasu tsofaffin masoya almara, yawancinsu maza, suna ganin an shigo musu gida da takalmi, suna cewa wannan ba almarar gaske ba ce, karatun mata ne. Mai karatun Hausa ya san wannan murya. Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano, mata suka fi yawa a masu karanta su, kuma suka yi fice a rubuta su, aka laƙaba musu "adabin kasuwar Kano", aka ce suna ɓata tarbiyya kuma ba adabi ba ne. Amma su ne suka sa dubban mata suka riƙe karatun boko da Hausa bayan sun bar makaranta, kuma 'ya'yansu ne ke cika Wattpad da rukunonin WhatsApp a yau. Haka romantasi ta dawo da mutane da dama ga littafi bayan sun yi shekaru ba su buɗe ko ɗaya ba, wasunsu kuma daga nan suke zarcewa zuwa sauran almarar.

To ko muna da romantasi a Hausa? Kayan haɗin dai muna da su tun kaka da kakanni. Kowa ya san tatsuniyar yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har wani kyakkyawan baƙo marar ko ƙwarzane ya zo ya aure ta, sai da suka yi nisa a daji ya rikiɗe ya koma dodo. Dare Dubu da Ɗaya cike yake da aljanu masu haɗa masoya da masu raba su. Marubutanmu na yanzu ma ba su bar labarin aljanin da ya kamu da son bil'adama ba. Amma ina ganin bambanci biyu da ke sa in yi taka-tsantsan da aron sunan. A tatsuniyarmu auren dodo gargaɗi ne, yarinyar gudu take yi ta dawo gida ta nemi gafarar iyaye. A romantasi dodon ne mijin ƙwarai, kuma abin da jarumar za ta gano shi ne mutanen gidansu ne suka yi mata ƙarya game da shi.

Na biyun ya fi zurfi. Ba'amurkiyar da ke karanta labarin fae ta san ƙirƙira ce tsagwaronta, shi ya sa take iya son jarumin hankali kwance. Aljani kuwa a wajenmu ba ƙirƙira ba ne. Akwai sura guda da sunansa a Alƙur'ani, akwai matan da ake kai wa ruƙiyya saboda namijin dare, akwai gidajen da ba a zubar da ruwan zafi da magariba sai da bisimilla. Marubuciyar Hausa da ta sa aljani ya so jarumarta tana taɓa abin da mai karatunta ke tsoro da gaske, shi ya sa irin waɗannan labaran namu suka fi karkata ga ban tsoro da neman tsari, sau da yawa kuma malami ne ke zuwa ya raba auren a babin ƙarshe.