Izinin gini a Najeriya

Izinin gini takarda ce da hukumar tsara birane ke bai wa mai fili bayan ta duba zanen ginin da yake son yi ta amince da shi. Daban yake da takardar shaidar mallaka da gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Fili zai iya zama na mutum halak malak, amma duk da haka ba shi da hurumin aza tubali sai da izini.

Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ce ta shimfiɗa tsarin, sai dai a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane aikin jihohi ne. Shi ya sa kowace jiha take da hukumarta: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, a Abuja kuma akwai sashen sa ido kan gine-gine na hukumar babban birnin tarayya.

Sabon gini kam ba a tababa a kansa. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne gyaran tsohon gida. Fenti, filasta, sa tayil ko canza ƙyauren da ya lalace ba sa buƙatar zuwa ofis. Amma ɗora bene a kan gidan da aka yi wa harsashin hawa ɗaya, cire bango ko ginshiƙin da ke ɗauke da nauyi, da turo katanga zuwa bakin titi ko kan magudanar ruwa, duk sai an nemi izini. Haka ma sauya amfanin wuri, ko da ba a ƙara bulo ɗaya ba, kamar mai da gidan zama makaranta ko asibiti, ko fasa bangon zaure a fitar da shaguna, abin da ya zama ruwan dare a unguwannin da ke bakin kwalta.

Mai nema yakan kai shaidar mallakar fili, taswirar safiyo, da zanen da ƙwararru masu rajista suka buga wa hatimi: mai zanen gini mai rajista da ARCON, hukumar masu zanen gini, da injiniya mai rajista da COREN, hukumar injiniyoyi. Gini mai hawa da yawa akan nemi gwajin ƙasa. Filayen awon igiya, waɗanda ba su da takarda sai ta ciniki, a nan suke cijewa.

Wanda ya yi gaban kansa, jami'ai kan shafa wa katangarsa jan fenti, su ba shi takardar dakatar da aiki, daga nan sai tara ko rusau. Samun izinin ma ba ya wadatarwa idan aka kauce wa zanen. Benen da ya rufta a Ikoyi, Legas, ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da 40, hawa 21 ne, alhali jami'an jihar sun ce hawa 15 suka amince da shi.