Mene ne "taransifar horo", kuma kotu na iya soke ta?

A barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma a Bauchi ko Gombe, in sigina, wato takardar umarni daga sama, ta fito aka ce wane an yi masa taransifar horo, ana nufin an ɗauke shi daga wurin aikinsa an cilla shi wani wuri don a huce haushi, ba don aiki na buƙatarsa a can ba. Wataƙila ya ƙi bin wani umarni na son zuciya, ko ya kai ƙarar na sama da shi. Takardar ba za ta ambaci horo ba, sauyin wurin aiki kawai za ka gani, kuma nan wahalar take.

Sashe na 215 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora ragamar rundunar a hannun Sufeto Janar. Saboda haka ɗan mobal ba zai ce Gwoza ta yi masa nisa ba, ko yaransa na tsakiyar zangon karatu, alƙali ya tsayar da tafiyar. Haka batun tura mutum ƙasar waje, aikin da 'yan sandanmu ke yi tun zuwansu Kwango a 1960, daga baya Laberiya da Somaliya.

Amma ladabtarwa tana da hanyarta. Akwai tuhuma, akwai sauraron wanda ake tuhuma, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Wanda ya tsallake duk wannan ya fake da taransifa, ya hukunta mutum ba tare da jin ta bakinsa ba, kuma a ganina wannan zalunci ne tsagwaronsa. Irin wannan ƙarar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kaiwa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin rikicin ma'aikaci da uban gidansa a sashe na 254C, kuma tana zama a Bauchi.

Sai dai alƙali hujja yake so, ba zato ba: kwafin siginar, takardar koken da aka rubuta kafin ta fito, kwanan wata da ke nuna ɗaya ta biyo bayan ɗaya. Doka ta hana ɗan sanda shiga ƙungiyar ƙwadago, don haka shi kaɗai zai tsaya da lauyansa. Kuma ya fara kama aiki a sabon wurin kafin ya shigar da ƙara, don in ya zauna a gida, da laifin gudun aiki za a kama shi.