Bankin Hoare na Landan: iyali ɗaya, shekara fiye da 350

Wa ya kafa shi?

Richard Hoare, wani maƙerin zinariya, a 1672 a titin Cheapside. A lokacin gidajen Landan ba su da lamba, sai ya rataya kwalba mai ruwan zinariya a ƙofar shagonsa, kuma ita ce tambarin bankin har yau. A 1690 ya koma titin Fleet. Zuriyarsa ce ke riƙe da bankin har gobe.

Me ya haɗa maƙeri da harkar banki?

Ma'ajiya. Masu hali kan kai wa maƙeran zinariya ajiya, su karɓi takardar shaida. Da maƙeran suka lura ba a zuwa ɗibar ajiya gaba ɗaya a rana guda, sai suka riƙa ba da rancen wani kaso da kuɗin ruwa.

Me ya bambanta shi da sauran bankuna?

Alhaki. A yawancin bankuna, in an karye, mai hannun jari abin da ya zuba kawai zai rasa. A Hoare kuwa alhakin abokan jarin, waɗanda duk 'yan gida ne, ba shi da iyaka: in kadarar banki ta kasa biyan masu ajiya, sai a shiga aljihunsu. Wanda ya san gidansa na cikin lissafi ba ya ba da bashi da ka. Shi ya sa sai sun san mutum da sana'arsa kafin su buɗe masa asusu, kuma rancen da suke bayarwa bai kai yawan ajiyar da ke hannunsu ba. Amma fa a faɗi gaskiya, abokan hulɗarsu masu hannu da shuni ne, ba bankin talaka ba ne.

Ina irin waɗannan bankuna ke tuntuɓe?

Wurin magaji da wurin sa ido. Ɗa na iya gadar kujera bai gaji ƙwarewa ba. Bankin Barings, wanda aka kafa a 1762, ya durƙushe a 1995 bayan ma'aikacinsa Nick Leeson ya tafka asarar fam miliyan 827 a Singafo, domin shi ke cinikin, shi kuma ke kula da lissafinsa. A 2016 bankin Hoare ya sayar wa kamfanin zuba jari na Cazenove sashensa na juya dukiyar mutane, ya tsaya kan ajiya da rance.