Edita, Git da mabuɗin sirri: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Wane edita, wato manhajar da ake rubuta kod a cikinta, ya fi kyau ga mai koyon rubuta manhaja?

Wanda ke kan kwamfutarka. Idan babu, sauke VS Code, kyauta ne, ka kama aiki.

Amma an ce ƙwararru da Vim suke aiki.

Wasu daga cikinsu. Bram Moolenaar ya fitar da shi tun 1991, yana da kyau, amma ba ya gyara wa kowa kod mara kan gado. Koyi buɗe fayil da fita, don ran da ka shiga saba daga nesa ta hanyar SSH wataƙila shi za ka tarar. Danna Esc, rubuta :wq ka adana ka fita, ko :q! ka fita ba adanawa. Wannan ya ishe ka a yanzu.

VS Code na jan ƙafa a kwamfutata mai RAM giga 4.

A kan Electron aka gina shi, wato burauza ce sukutum ke gudana a ƙarƙashi. Cire tarkacen ƙarin da ka lafta masa. Kowannensu na iya karanta fayilolinka, kuma ba ka san wanda ya rubuta rabinsu ba. In bai saki ba, koma Sublime Text ko Notepad++.

Tab ko sifes wajen barin tazara a farkon layin kod?

Abin da ka tarar a aikin. A Python sifes huɗu, haka PEP 8, ƙa'idar salon rubuta Python, ta tsara. Kada a sake kawo min wannan.

Na tura mabuɗin sirri, wanda manhajata ke shiga asusu da shi, zuwa GitHub, shafin ajiye kod, bisa kuskure, na goge layin na sake turawa. Shi ke nan?

A'a. Kwantar da hankalinka, manya ma sun yi: a 2022 Toyota ta sanar cewa wani mabuɗinta ya yi kusan shekara 5 a buɗe a GitHub. Amma ka tashi yanzu, ba gobe ba.

Aikin Git, manhajar da kake tura kod zuwa GitHub da ita, shi ne ya riƙe tarihi. Layin ya ɓace daga fayil ɗin yau, yana nan daram a ajiyar jiya, duk mai buga git log -p zai gan shi. Akwai kuma manhajojin ɓarayi da ke shara a rumbunan kod da ke buɗe dare da rana suna neman irin wannan. Don haka matakin farko ba a Git yake ba. Je wurin da ya ba ka mabuɗin, ka soke shi, ka karɓi sabo. Idan na Paystack ne, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, dubi farkonsa: sk_test na gwaji ne, da sauƙi, sk_live kuwa kuɗin mutane ne. Bayan sokewa, bi bayanan asusun tun daga lokacin da ka tura, ka ga ko an yi wani motsi da ba naka ba.

Sauran ya danganta. Idan mabuɗin na aiki a manhajar da jama'a ke amfani da ita, sokewa kai tsaye na iya tsayar da ita. Inda ake barin mabuɗi biyu su yi aiki tare, sa sabon tukuna sannan ka kashe tsohon. Inda ba a bari, ni dai na gwammace manhaja ta tsaya minti goma, amma ka faɗa wa shugabanka kafin ka taɓa. Ka faɗa masa ko da kunya za ta kashe ka.

Wanke tarihin fa? Ana yi da git filter-repo. Sai dai yana sauya lambobin ajiya, dole ka tura da ƙarfi, abokan aikinka kuma su sake sauke rumbun. Kwafin da wani ya riga ya ɗauka ba ka da iko da shi. Idan ka soke mabuɗin, sau da yawa wankin bai cancanci wahalar ba. Idan bayanan mutane ne suka fita, waɗanda ba a sokewa, to wanke. Rumbu na sirri ya rage haɗarin, bai kawar ba: a kutsen Uber na 2016, daga irinsa aka kwashi mabuɗan AWS, sabobin Amazon, bayanan mutum miliyan 57 suka fita.

Daga yau mabuɗi na zama a fayil ɗin .env, sunansa kuma a cikin .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, tun kafin ajiyar farko.

Zan iya adana kalmar sirrin masu amfani da MD5?

Haba malam! Wannan hanyar rikita kalmar sirri ta tsufa. Argon2 ko bcrypt. Kuma kada ka ƙirƙiro naka tsarin.

Na kwafo kod daga ChatGPT, yana aiki. Sai na karanta?

Sunanka ne a kai. Karanta layi-layi, musamman inda ake cusa rubutun mai amfani cikin umarnin SQL da ke zuwa ma'ajiyar bayanai.

Lambar tantancewa ta tes ta isa?

Ta fi babu. Amma ana sace layin waya, don haka sa manhajar tantancewa irin Google Authenticator ko Aegis, ka rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda ka adana a gida.