Wasan Wuta a Bakin Tekun Cannes: Ku Karanta Kafin Ku Kira Ni

Da zarar Yuli ya kama, tambayoyin nan kan bikin wasan wuta na Cannes, wani gari a kudancin Faransa, ne ke cika min waya. Ga amsoshinsu a wuri guda.

Nawa ne kuɗin shiga?

Ko sisi. Masu biya su ne waɗanda suka kama teburi a bakin ruwan manyan otal irin su Carlton da Martinez. Kai je ka zauna a kan yashi.

In zo da nawa abin fashewa in ɗan harba?

Kada ka kuskura. Ranar 14 ga Yuli 2016 a Nice, nan kusa, wani ya afka wa masu kallon wasan wuta da babbar mota, mutum 86 suka rasu. Tun daga nan jami'an tsaro ba sa wasa da taro irin wannan. Idan aka ce buɗe jakarka, buɗe, ban da gardama.

Ƙarfe nawa ake farawa?

Goma na dare. Wajen rabin awa an gama.

Wutar ba za ta zubo mana ba?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Daga jiragen ruwa a tsakiyar gulbin teku ake harbawa, nesa da Croisette, wato babban titin bakin ruwa, kuma tun 1967 ake wannan biki. Gasa ce tsakanin kamfanoni daga ƙasashe daban-daban, ƙwararru ne. Idan iska ta yi ƙarfi ma ɗagewa ake yi.

To sallar Magariba fa?

Wannan kam tambaya ce. A tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a Cannes sai bayan tara na dare, a tsakiyar Agusta kuwa wajen takwas da rabi. Wato Magariba tana shiga daidai lokacin da jama'a suka cika bakin ruwa, kuma wanda ya tashi daga wurinsa da wuya ya dawo ya same shi. Abin da ya fi sauƙi, a ganina, ka zo da alwalarka, in za ta riƙe, domin layin ban-ɗaki doguwar tafiya ce. Idan kuna da yawa, ku riƙa tashi bi da bi, wasu na tsaron wuri. Amma ya danganta da inda ka zauna: a gefen Palais des Festivals, babban zauren taro na garin, cunkoso ya yi yawa, a kan tudun Le Suquet an fi samun sarari, sai dai kiɗan da ke tafiya da wutar ba zai iso ka sosai ba. Kuma a nemi lungu, kada a yi sahu a tsakiyar hanya. Faransa ce, ba kowa zai fahimta ba. Matafiyi yana da rangwamen haɗa Magariba da Isha'i, amma ni ba malami ba ne, tambayi naka kafin ka taso.

Jariri fa?

Ƙarar ta fi ƙarfin kunnensa. A bar shi gida.

Yaya zan koma Nice?

Jirgin ƙasa, wajen minti 40. Duba lokacin na ƙarshe tun da rana, kada ka kira ni tsakar dare daga tasha.